Kundin aiki: sabon wili mara nauyi ga keken tsere, daga Katsina zuwa Hawan Kibo

Asabar, 9 ga Nuwamba, 2024

Na buɗe wannan kundi ne domin in riƙa rubuta yadda aikin sauya wilin keken tserena yake tafiya, tun daga awo da saye har zuwa ɗauri da gwaji. Abin da ya tayar da aikin shi ne tafiyar da muka shirya zuwa Jos kafin azumi, ni da abokan da muke fita motsa jiki tare da safe, inda muke so mu hau Hawan Kibo daga gindinsa, mu kuma sauko shi da ƙafafunmu. Katsina ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, tsayinta daga teku mita 500 ne da 'yan kai, alhali Jos tana zaune a kan kimanin mita 1,200, duwatsun Shere da ke gabas da ita kuwa sun ɗan haura mita 1,800. Wanda bai saba hawan komai ba sai gangaren gadar Ƙofar Ƙaura dole ya sake duba kekensa kafin ya nufi can.

Keken na gwanjo ne, firam ɗinsa alminiyam, giyarsa goma a baya, birkinsa kuma irin wanda robarsa ke matse gefen rim. Wilin shi ne wanda ake kira 700c, wato faɗin da'irar inda bakin taya ke zama milimita 622 ne. Tsakanin ƙafafun fok na gaba akwai milimita 100, a baya kuma 130. Waɗannan alƙaluma su ne shingen da ba zan iya tsallakawa ba, kuma sun rage mini zaɓi ƙwarai, domin tun da hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta halatta birkin faifai a gasar titi a 2018, kamfanoni suka karkata can, yawancin sababbin wili marasa nauyi ba su da wurin da robar birki za ta kama.

Na cire taya da tif da tarin giya, na ɗora kowane wili a kan ƙaramin sikelin da ake auna fulawa da shi a gida. Na gaba ya ba da giram 880, na baya 1,110, jimla 1,990. Ni da keken da gorunan ruwa da kayan faci mun kama kilo 85.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Kafin in kashe ko kwabo, na zauna na yi lissafin abin da ragin nauyi zai saya mini, domin a bakin masu keke maganar wili mara nauyi ta fi ƙarfin hujjarta. A ce na samu wilin da ya gaza nawa da giram 500. Ɗaga rabin kilo zuwa tsayin mita 1,000 yana cin kuzari kimanin jul 4,900. Mutum irina, da zai iya riƙe wat 200 na tsawon lokaci, yana fitar da wannan kuzari cikin daƙiƙa 25. Ɗaga kilo 85 gaba ɗaya zuwa wannan tsayi kuwa zai ɗauke ni fiye da awa ɗaya da minti goma. Ke nan ribar ba ta kai rabin minti ba a cikin hawan da ya zarce awa, kuma nauyin da ake ta magana a kansa daidai yake da ledar fiya wata guda ɗaya a aljihun riga.

Akwai kuma maganar da aka saba ji, cewa giram ɗaya a rim ya kai biyu a firam. Tana da tushe, amma a lokacin da ake ƙara gudu kaɗai, saboda a sa'ilin ne ake tura nauyin gaba ana kuma juya shi. Daga tsaye zuwa gudun kilomita 30 a awa, rabin kilo da ke can bakin rim yana cin jul 35, yayin da ni da keken muke cin kusan 3,000. Da zarar gudu ya daidaita a kan hawa, nauyin rim nauyi ne kamar kowane, ba shi da wani ninki. Abin da mai keke ke ji a ƙafarsa idan ya miƙe ya taka feda, wannan sauƙin amsawa, gaskiya ne kuma yana da daɗi, sai dai agogo ba ya ganinsa kamar yadda ƙafa ke jinsa.

Lissafin bai kashe aikin ba. Tsohon wilin baya ya riga ya gaji, gefen rim ɗinsa ya lotsa saboda cin birki har ana jin kwarin da yatsa, don haka sauyi ya zama wajibi ko da dutse ko babu. Abin da lissafin ya yi shi ne ya sa mini iyaka: zan nemi sauƙi, amma ba zan sayi giram 100 na ƙarshe da kuɗin da zai sayi rabin keke ba, balle a wannan Nuwamba ta 2024 da dala ta haura naira 1,500. Su kansu 'yan gasa an ɗaure su, tun shekarar 2000 dokar UCI ta hana keken tsere ya gaza kilo 6.8.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Wani daga cikin abokan fitarmu ya ara mini wilinsa na kabon, mai zurfin rim milimita 50, tare da robar birkin da aka yi musamman dominsa, na bi hanyar Daura da shi har bayan Mashi na juyo. A inda iska ta lafa, wilin yana riƙe gudu fiye da nawa, ba na musun wannan. Amma hunturu ya fara shigowa, iskarsa tana tasowa daga arewa maso gabas, tana dukan mai tafiya Daura ta gaba da gefen hagu, kuma duk sa'ad da tirela ta wuce ta yanke iskar sannan ta sake ta, sai in ji kan keken ya fizge. A kan miƙaƙƙen titi abin na jurewa ne. A kan kwana mai gangara, da babbar mota a gefe da rami a ɗaya gefen, ba na son hannuna ya kasance yana kokawa da iska.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne zafi. Duk kuzarin da mutum ya tara wajen hawa sai ya fita wajen sauka, ko dai iska ta sha shi ko birki. Saukar mita 500 da nauyin kilo 85 tana sakin jul kusan 417,000. Rim biyu na alminiyam masu nauyin giram 900 a haɗe suna ƙara digiri ɗaya da kowane jul 800 ko ɗan fiye, saboda haka in da rabin wannan kuzari zai shiga cikinsu babu iskar da ke sanyaya su, da zafinsu ya ƙaru da digiri 250. A zahiri ba ya kai haka, domin alminiyam yana yaɗa zafi cikin sauri zuwa duk jikin rim, iska kuma tana kwashewa. Kabon ba haka yake ba. Zare ne da aka haɗa da ƙaro na masana'anta, ba ya yaɗa zafi yadda ƙarfe ke yi, sai zafin ya taru a layin da robar ke gogawa, in kuma ya wuce iyakar da ƙaron zai ɗauka, gefen rim ya yi laushi, iskar da ke cikin taya ta tura shi waje. Kamfanonin kirki sun inganta ƙaronsu sosai, amma wilin kabon da aljihuna zai iya kaiwa shi ne na gwanjo ko wanda ba a san asalinsa ba, kuma babu hanyar da zan san irin zafin da ya riga ya sha a hannun mai shi na farko.

Ita ma iskar cikin taya tana da nata lissafin. Idan aka yi famfo zuwa psi 85 a zafin digiri 30, sannan birki ya kai iskar digiri 100, matsin zai tashi zuwa wajen psi 108. Wani abin da ba kowa ke lura da shi ba: mai tsoron gangara, wanda ke riƙe birki a hankali tun daga sama har ƙasa, shi ne ya fi dafa rim ɗinsa, domin a ƙaramin gudu iska ba ta ɗauke masa komai daga kuzarin, ba ta kuma sanyaya ƙarfen sosai. Mu 'yan Katsina da ba mu saba da gangara ba, babu shakka cikin wannan rukuni za mu faɗa a ranar farko. Na mayar wa abokina wilinsa da godiya, na yanke cewa alminiyam zan nema, mai zurfin da bai wuce milimita 25 ba.

Lahadi, 1 ga Disamba

Zaɓi ya rage tsakanin wilin da kamfani ya ɗaura ya gama da wanda za a tara kayansa a ɗaura a nan. Na kamfani yana da kyan gani, kuma akwai masu nauyin kilo ɗaya da rabi daga Mavic na Faransa da Shimano na Japan da Campagnolo na Italiya. Inda na tsaya shi ne sifok. Da yawa daga cikin irin waɗannan suna zuwa da sifok 16 ko 20 a gaba, 20 ko 21 a baya, masu siffa ta musamman da noti na musamman, waɗanda in ɗaya ya tsinke a Riyom ko Barikin Ladi ba za a samu madadinsa ba ko a Kano, sai an aika waje. Kuma idan sifok ya yi kaɗan, kowanne yana ɗauke da kaso mai yawa, tsinkewar ɗaya kan karkatar da rim har ya kama robar birki ya ƙi juyawa. Mai sifok 28 kuwa in ya rasa ɗaya, a buɗe birki kaɗan a lallaɓa a isa gari.

Na je wurin wani dattijo mai gyaran keke a kusa da babbar kasuwa, wanda ya shekara yana ɗaura wilin Raleigh da Phoenix tun muna yara. Na nuna masa hoton abin da nake nufi, sifok 24 a gaba, 28 a baya. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Malam, mi ya yi zafi? Keken Ingila na asali 32 gare shi a gaba, 40 a baya, an san inda nauyi yake. Kai kana son ka hau dutse da rabin wannan?" Na ce, "Baba, ai ni ba buhun gero zan ɗauko ba, kuma ƙarfen yanzu ya fi na da." Ya yi dariya ya ce in kawo kayan, zai ɗaura, amma da sharaɗin in zauna a gabansa har a gama. Wannan sharaɗi shi nake so dama. Maganarsa ta bambanta gaba da baya kuwa daidai take, ita ce hikimar da ni ma na bi, adadin ne kawai ya ragu.

Ya ɗauko wani sabon rim daga rataye ya ce ga mai inci 28 nan in ina so. Nan ne wurin da mai saye ke iya faɗawa rami: rim ɗin keken gargajiya da ake kira 28 milimita 635 ne, na keken tsere da wasu ke kira 28 shi ma 622 ne, tsohon 27 kuwa 630. Tayar ɗaya ba ta shiga ɗaya. Lambar da ke jikin taya, irin 28-622, ita ce abin dubawa.

Talata, 10 ga Disamba

An aika kuɗin kaya ta hannun wani ɗan'uwa da zai dawo daga tafiya ƙarshen wata. Rim biyu na alminiyam, faɗin cikinsu milimita 19. Hob, wato cibiyar wili inda sifok ke kamawa, mai boris rufaffe, lamba irin wadda ake samu a shagon masu sayar da boris na injuna, saboda ƙurar hunturu ba ta barin giris ya daɗe da tsabta. Na zaɓi hob ɗin baya da aka yi wa giya goma sha ɗaya, tare da zoben cika gurbi na milimita 1.85 da ke ba tarin giya goma damar zama a kansa, don kada in sake sayen wili ranar da na sauya giya. Gangar da giyar ke hawa na ɗauki ta ƙarfe, ko da ta fi ta alminiyam nauyi, domin haƙoran giya suna cin ta alminiyam har cirewa ta zama aiki. Tsawon sifok na lissafa shi daga alƙaluman kamfani, na ƙara guda huɗu a kowane tsawo don ajiya.

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Kaya sun iso, na auna kowanne. Rim giram 445 kowane ɗaya, hob na gaba 110, na baya 250. Na sake auna da'irar cikin rim da sifok biyu da rula a tsakani kafin a fara komai, ta yi daidai da abin da na lissafa da shi, don kuskuren milimita biyu ya isa ya sa noti ya ƙare zarensa kafin sifok ya ɗaure.

Sifok iri biyu ne, duka na ƙarfen da ba ya tsatsa, masu kauri a baki biyu da siranta a tsakiya. Na farko milimita 2.0 a baki, 1.8 a tsakiya, nauyinsa wajen giram 6. Na biyu 2.0 da 1.5, wajen giram 4.5. DT Swiss na Suwizalan da Sapim na Beljiyam duk suna yin irin waɗannan. Sirantar tsakiyar ba don ragin nauyi kaɗai aka yi ta ba. Sifok yana tsinkewa ne galibi a gwiwarsa, inda ya lanƙwasa ya shiga hob, ko a wajen zare, sakamakon saki da ja da yake yi duk juyi ɗaya. Mai siririyar tsakiya yana miƙewa fiye da mai kauri ɗaya, don haka idan ya zo ƙasa nauyi ya danne rim, ba ya sakewa gaba ɗaya, gwiwar kuma ta huta. Abin mamaki ne a ce wanda aka rage wa ƙarfe ya fi daɗewa, amma haka masu ɗaurin wili suka tabbatar tun da daɗewa. Na sa sirara a gaba da ɓangaren hagu na baya, masu ɗan kauri a ɓangaren giya. Noti kuwa na tagulla na ɗauka. Na alminiyam zai rage mini wajen giram 35 a duka wilin biyu, sai dai yana saurin lalacewa a bakin sifana, yana kuma kamewa in ya sha ruwa da gumi.

Wurin da sauƙi ya zo da araha shi ne taya. Tsofaffin nawa masu waya ce a baki, giram 340 kowace. Sababbin masu naɗewa ne, faɗin milimita 28, giram 260, ragin giram 160 ke nan a can ƙarshen da'ira, da kuɗin da bai kai na hob ɗaya ba. A wajen tif na tsaya a kan baƙar robar da aka sani, mai giram 100. Akwai na roba ɗanya da kuma na wata leda mai suna TPU da ba ya kai giram 40, amma duka biyun ana gargaɗi a kansu game da zafin birkin rim a doguwar gangara, kuma mai facin bakin titi ba zai iya liƙe su da abin da ke hannunsa ba. Tsarin da ba a sa tif, sai ruwan liƙi a cikin taya, ya ja hankalina saboda ƙayar tsidau da ke cika gefen titunanmu, sai dai ruwan yana bushewa da wuri a zafi irin na Katsina, ga shi ba a sayar da shi a nan. Na saya kuma ɗan ƙaramin mahaɗin tagulla da ke sa bakin famfon mota ya kama siririn bawul na keken tsere, na ɗaure shi cikin jakar faci.

Lahadi, 12 ga Janairu

Jiya da yau muka ɗaura. Na gaba bai ba da wahala ba, ɓangarorinsa biyu daidai suke, Baba ya saƙa shi kowane sifok ya tsallake biyu, hannunsa yana tafiya ba tare da ya duba ba. Ya ɗiga mai a zaren kowane sifok da mazaunin noti kafin ya fara, abin da ni ma na zo da niyyar roƙonsa.

A na baya muka yi doguwar muhawara. Wilin da ya saba da shi giya ɗaya gare shi, don haka rim yana zaune kusan tsakiyar kunnuwan hob, sifok na dama da na hagu suna ɗauke da ja iri ɗaya. Yana gane haka da kunne: ya kaɗa sifok da farce, ya saurara, ya ƙara kwata ko ya rage. A hob mai giya goma, tarin giyar ya ture kunnen dama zuwa ciki, saboda haka sifok na dama suna tsaye kusan a miƙe, na hagu suna kwance, kuma domin rim ya zauna a tsakiyar firam dole na dama su ɗauki ja kusan ninki biyu na na hagu. Da ya kaɗa ya ji dama tana ƙara sama, hagu tana ƙasa, sai ya ce wannan wili bai ɗauru ba, ya kama ƙara wa hagu. Na ce, "Baba, a gafarce ni, a juya shi a firam a gani." Muka sa shi a keken, rim ya matso robar hagu. Muka cire muka juya shi dama ta koma hagu, ya matso ɗaya robar. Ya yi shiru, ya sassauta abin da ya ƙara, sannan ya ce to ai sai a daidaita dama da 'yan'uwanta, hagu da 'yan'uwanta. Daga nan kunnensa ya yi aikin da ya fi na'urar auna jan sifok da na aro, domin ni sai na kama sifok ɗaya bayan ɗaya ina karanta lamba ina duba takarda, shi kuwa kafin in gama uku ya zagaye wilin ya nuna mini biyun da suka saɓa. Na'urar amfaninta ɗaya, ta gaya mana inda za mu tsaya: wajen kilo 115 na ja a ɓangaren giya, ƙasa da iyakar da kamfanin rim ya rubuta.

Siraran sifok suna da halin da ya ba shi haushi. Idan ja ya yi yawa, juya noti yana murɗa sifok ɗin kansa maimakon ya shiga zare, sai a ɗauka an ɗaure alhali an murɗe ne, ranar da aka hau kuma ya warware da ƙara, wili ya karkace. Muka liƙa 'yar takarda a jikin kowanne kamar tuta domin mu ga murɗewar, ana wuce inda ake so kaɗan sannan a dawo baya har tutar ta koma mazauninta. Bayan kowane zagaye yakan kama sifok biyu-biyu ya matse da ƙarfin tafinsa, ya kwantar da gwiwoyinsu a jikin hob da ƙotar guduma. Wannan bai koya daga kowane littafi ba, kuma shi ne ainihin abin da ake so a yi don kada wili ya saki bayan an fara hawa.

Da aka gama, na gaba ya auna giram 687, na baya 870. Da tef ɗin da ke rufe ramukan rim, jimla ta zama 1,585, ragin giram 405 daga tsohon. In aka haɗa da taya da tif, keken ya sauke wajen giram 600.

Asabar, 25 ga Janairu

Na yi ta zagaya gari da hanyar Daura da sabon wilin, babu ƙarar warwarewa, babu rawa. Tayar 28 da ta hau rim mai faɗin 19 ta buɗe ta kai kusan milimita 30, ta bar tazara 'yar kaɗan a ƙarƙashin birkin baya, wadda ta isa a busasshen titi amma ba za ta ɗauki laka ba. Tunda rani ne na bar ta. Faɗin ya ba ni damar sauke iska zuwa psi 70 a gaba da 75 a baya, keken ya daina tsalle a kan tsakuwa, kuma wannan ragi yana nufin akwai sarari mai yawa kafin zafin gangara ya kai matsin inda ake tsoro. Na sa sabuwar robar birki, na karkata bakinta na gaba ya riga taɓa rim da kaurin kati ɗaya don hana kuka.

Hob ɗin ya zo da makullin aksal mara nauyi, wanda ke damƙe wili a jikin keke ba tare da sifana ba, na ajiye shi na mayar da tsohon na ƙarfe mai rufaffen kai, wanda ya fi shi da giram 60 amma ya fi shi damƙa. Ana ba da labarin cewa Tullio Campagnolo, ɗan tseren keke na Italiya, ya ƙirƙiro wannan makulli ne bayan sanyi ya kangarar da yatsunsa a hawan Croce d'Aune a 1927, ya kasa kwance notin wilinsa a tsakiyar gasa. A kan dutse aka haifi abin, kuma ba wurin da zan nemi rangwame ba ne.

Litinin, 17 ga Fabrairu

Mun dawo daga Jos jiya. Ranar Asabar da sassafe mota ta sauke mu a gindin Hawan Kibo, a kan hanyar da ta taso daga Akwanga, muka hau. A hawan, ba zan ce na ji giram 600 ɗin nan ba in ina zaune ina juya feda a hankali. Inda na ji bambanci shi ne a kwanoni masu tsauri, in na miƙe tsaye: wilin baya bai lanƙwasa ya taɓa robar birki ba, abin da tsohon yake yi ko a Katsina. Wannan aikin ɗauri ne da yawan sifok, ba na sauƙin nauyi ba. Abin da ya fi ceton gwiwata shi ne babbar giya mai haƙora 32 da na sa a baya maimakon mai 28, ga kuma numfashi da ya riƙa gaya mini cewa ba a gida nake ba.

Saukowar ita ce jarrabawar. Hanyar tana da manyan motoci da ke saukowa a giya ta ƙasa suna warin birki, don haka babu zancen sakin keke ya tafi yadda yake so. Na bi tsarin da na tsara: in matse da ƙarfi kafin kwana har gudu ya sauka, in saki gaba ɗaya, in bar iska ta yi aikinta, in kuma tilas ta sa na daɗe a bayan mota sai in riƙa karɓa-karɓa tsakanin gaba da baya. Da muka tsaya a tsakiyar gangara na kai bayan yatsa jikin rim na gaba, da zafi sosai amma ana iya taɓawa a ɗauke, na baya kuwa ɗumi ne kawai. Abokina mai kabon ya tsaya fiye da kowa yana jiran nasa ya huce, robarsa tana wari, ya kuma ce birkin ya riƙa kamawa yana saki a ƙarshen kowace doguwar matsa. Wilinsa bai lalace ba, kuma a shimfiɗaɗɗen wurin da ke sama ya bar mu a baya kamar yadda ya saba. Iskar da ke kaɗawa a bakin tudun ba ta taɓa kan kekena ba.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Na mayar wa Baba wilin ya duba. Na gaba bai motsa ba. A na baya ya sami sifok biyu na hagu da suka ɗan sassauta, ya ƙara musu kwata-kwata, rawar da ba ta kai rabin milimita ba ta tafi. Robar birkin gaba ta ci kusan sulusinta a wannan tafiya kaɗai, na kuma tsince 'yan ɓurɓushin alminiyam da suka nutse a cikinta da bakin allura, domin su ne ke zana rim in an bar su. Na auna kaurin gefen rim na rubuta a bangon kundin nan, don in riƙa kwatantawa duk bayan tafiyar dutse.

Abin da ya rage shi ne tazarar tayar baya. Kafin damina zan gwada mai faɗin 25, wadda a kan wannan rim ya kamata ta buɗe zuwa wajen 27, in ga ko za ta ba laka hanya ba tare da na koma matsin iska mai yawa ba. Abokan tafiya sun fara maganar Mambila bayan Sallah, hawan da ke kai mutum Nguroje da Gembu, wanda ya fi na Kibo tsawo. In hakan ta tabbata, zan tafi da robar birki ta ajiya da sifok na kowane tsawo ɗaure a jikin firam.